Yawan Lalacewar Na'ura a Tashoshin Nukiliya: Wa Ke Sa Ido, Wa Ke da Ikon Cewa a Tsaya?

Duk lokacin da aka ji labarin cewa Najeriya na shirin gina tashar wutar lantarki ta nukiliya, mutane kan rabu gida biyu. Wasu na ganin an samo maganin matsalar wuta ke nan. Wasu kuma na tambaya: ƙasar da layin wutarta ke faɗuwa sau da dama a shekara, ta yaya za ta riƙe abin da in ya ɓaci ba ya gyaruwa? Muhawarar kan kai har majalisun hira na Sabo da Ojoo a Ibadan, inda direbobin manyan motoci da makanikai da 'yan kasuwa suka san zafin rashin wuta, suka kuma san halin inji.

Ruɗanin yana tasowa ne daga fahimta biyu da duk ba su cika ba. Ta farko ita ce duk wata lalacewa a tashar nukiliya bala'i ce. Ta biyu ita ce tunda ana gyarawa, babu abin damuwa. Tarihin wannan masana'anta ya nuna wani abu dabam: lalacewar na'ura abu ne da aka tanadar wa tun wurin zane, amma lalacewar da ke dawowa bayan kowane gyara ita ce alamar da ta sha gabatar manyan haɗurra. Saboda haka ma'aunin tsaro shi ne yadda ake bin diddigin ƙananan matsaloli, da kuma wanda ke da ikon rufe tasha idan sun ƙi ƙarewa.

Ma'anar wasu kalmomi

Tashar nukiliya tashar wutar lantarki ce da ke dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya farfelar inji, injin ya juya janareta. Bambancinta da tashar gas irin ta Egbin shi ne tushen zafin. A nan zafin yana fitowa ne daga tsagewar ƙwayoyin zarra na ma'adinin yuraniyom, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar.

Riyakta ita ce tukunyar ƙarfe mai kauri da ake jera sandunan yuraniyom a cikinta, inda tsagewar ke faruwa. Radiyeshin wani ƙarfi ne da ke fita daga irin waɗannan ma'adinai, ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, yana ratsa jiki, kuma yawansa na lalata ƙwayoyin halitta. Bawul shi ne makullin bututu da ke buɗe wa ruwa ko tururi hanya ko ya toshe ta. Hukumar sa ido kuwa ita ce hukumar gwamnati da ke ba da lasisi, ta duba aiki, ta ci tara, ta kuma janye lasisin idan ta kama.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe, domin shi ne ya raba nukiliya da sauran injuna. Idan aka kashe riyakta, zafinta ba ya yankewa nan take. A sakannin farko tana ci gaba da fitar da kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin da take bayarwa, sannan ya riƙa raguwa a hankali cikin kwanaki da makonni. Dole famfunan sanyaya su ci gaba da aiki bayan an kashe tashar. Shi ya sa famfo, da bawul, da janaretan ko-ta-kwana, waɗanda a wata masana'anta kayan gefe ne, a nan su ne ginshiƙin tsaro.

Inda Najeriya take a yau

Najeriya ba ta da tashar wutar nukiliya ko ɗaya. A duk Afirka, tashar Koeberg da ke kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki, riyaktocinta biyu sun fara ba da wuta a 1984 da 1985. Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022 tare da kamfanin Rosatom na Rasha.

Sai dai harkar sa ido kan radiyeshin ta daɗe a ƙasar nan, kuma Ibadan ce mahaifarta. A 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane cikin saharar Aljeriya. Fargabar cewa iskar hunturu za ta kwaso ƙurar zuwa kudu ta sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a farkon 1961. A 1964 aka kafa sashen kare jama'a daga radiyeshin na tarayya a Jami'ar Ibadan. Har yau cibiyar ƙasa ta bincike da kariya daga radiyeshin, wadda ke daidaita na'urorin awo tana kuma horar da ma'aikata, tana cikin wannan jami'a, a kan hanyar da ta tashi daga Sango zuwa Ojoo.

An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, NAEC, da dokar 1976, amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. Aikinta shi ne tallata shirin da shirya shi. Hukumar sa ido, NNRA, an kafa ta da dokar 1995, ta fara aiki a 2001. Riyakta ɗaya tak da take dubawa ita ce ta bincike da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai tsananin taci zuwa mai sauƙin taci, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Aiki ne da ya tafi lafiya, ya kuma nuna akwai ƙwararru a gida.

A ɓangaren wuta, an ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya ginawa, kuma a 2017 an sa hannu kan yarjejeniyoyi da Rosatom. Zafin da riyakta irin ta El Dabaa ke fitarwa ya ninka na ta Zariya kimanin sau dubu ɗari. Tazarar da ke gaban hukumar sa ido ke nan.

Me ke sa matsala ta riƙa dawowa?

Dalili na farko tsufa ne. Ƙarfen da ya shekara talatin ko arba'in cikin zafi da matsin ruwa da radiyeshin yakan gaji, ya yi tsatsa, ya tsage a wuraren walda, ko gudun ruwa ya cinye bututu daga ciki. A watan Agusta na 2004, wani bututu ya fashe a tashar Mihama ta Japan, tururi mai zafi ya kashe ma'aikata biyar. Bincike ya gano cewa an tsallake wannan sashe na bututun a jerin wuraren dubawa tun da riyaktar da bututun ke cikinta ta fara aiki a 1976.

Na biyu shi ne gyaran alama a bar cuta. Direban tirela da ke ƙara man birki a kowane zango ba tare da an nemo inda yake yoyo ba zai iya yin tafiye-tafiye da yawa lafiya, har ya ɗauka haka motar take, sai ranar da gangara ta kama shi. Irin wannan ne ya faru a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio a Amurka. Shekaru ana ganin ɓurɓushin sinadarin borik da jan tsatsa a kan murfin riyakta. Matatun na'urorin awon iska da a da ake sauyawa wata-wata suka koma toshewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ma'aikata suka riƙa sauya matata suna sharewa. A watan Maris na 2002 aka gano cewa sinadarin ya cinye ƙarfen murfin mai kaurin kusan santimita 15, ya bar rami, abin da ya rage yana tare da matsin ruwan shi ne siririn shafe da bai kai santimita ɗaya ba.

Na uku, gyaran kansa yana iya haifar da sabuwar matsala. Tashar San Onofre a California ta sauya manyan tukwanen tururinta da sababbi tsakanin 2009 da 2011. A watan Janairu na 2012 wani bututu a cikin sabuwar tukunya ya yi yoyo, aka tarar da bututai masu yawa sun goge da wuri saboda girgiza. A 2013 aka rufe tashar gaba ɗaya. A Koeberg ma, a ƙarshen 2005, wata ƙusar ɗauri da aka bari cikin janareta ta lalata shi, lardin Western Cape ya sha ɗaukewar wuta a watannin da suka biyo baya.

Na huɗu jabun kayan gyara da jabun takardu ne. A 2012 da 2013 an gano a Koriya ta Kudu cewa an sa dubban kayan gyara da wayoyin sarrafawa masu takardun inganci na bogi, aka dakatar da riyaktoci da dama, aka gurfanar da mutane a kotu. A Japan, a 2002, an bankaɗo cewa kamfanin TEPCO ya ɓoye rahotannin tsagewa a cikin riyaktocinsa, lamarin da ya kai ga dakatar da dukkan guda 17 da yake da su zuwa 2003.

Na biyar kuɗi ne, kuma shi ke ƙarƙashin sauran. Babbar tasha tana asarar kuɗi mai yawa a kowace ranar da ba ta ba da wuta ba. Don haka kullum akwai matsin lamba a jinkirta dubawa zuwa lokacin hutun da aka tsara, ko a taƙaita hutun.

Darasin bawul ɗaya

Babu misalin da ya fi fito da haɗarin matsala mai dawowa kamar labarin wani bawul. A watan Satumba na 1977, a wannan tasha ta Davis-Besse, bawul ɗin rage matsi ya buɗe ya ƙi rufewa, ruwan sanyaya ya riƙa fita. Ma'aikata sun ruɗe na kimanin minti 20 kafin su gane su toshe hanyar. Tashar na aiki da ƙaramin ƙarfi a ranar, don haka ba a yi ɓarna ba. Wasu injiniyoyin kamfanin da ya ƙera riyaktar sun rubuta gargaɗi, amma gargaɗin bai isa ga ma'aikatan sauran tashoshi ba.

Ranar 28 ga Maris, 1979, irin wannan bawul ya maƙale a tashar Three Mile Island a Pennsylvania, ƙirar kamfani ɗaya, tana aiki da kusan dukkan ƙarfinta. Ma'aikata suka yi irin kuskuren da takwarorinsu suka yi, amma wannan karon aka ɗauki fiye da awa biyu kafin a toshe. Kusan rabin cikin riyaktar ya narke. Ginin da ke lulluɓe da ita ya tare mafi yawan radiyeshin, amma riyaktar ba ta sake aiki ba. Ilimin da zai hana haɗarin yana nan a rubuce fiye da shekara guda kafin ranar. Abin da babu shi ne hanyar isar da shi da kuma wanda zai tilasta a yi aiki da shi.

Yadda ake sa ido

Tsarin da ƙasashe suka gina bayan waɗannan darussa hawa-hawa ne. A hawa na farko akwai kamfanin da ke gudanar da tasha, kuma a dokar duniya shi ne ke ɗauke da alhakin tsaro. Ana buƙatar ya rubuta kowace matsala komai ƙanƙantarta, ya binciko tushenta idan ta maimaitu, ya kuma duba ko tana nan a wasu na'urori masu kama da wadda ta lalace. Lasisin tasha yana ƙayyade awowi ko kwanakin da aka yarda wata na'urar tsaro ta zauna a lalace. Idan wa'adin ya cika ba a gyara ba, dole a kashe riyakta.

A hawa na biyu akwai hukumar ƙasa. A Amurka, hukumar NRC tana ajiye aƙalla sufetoci biyu a kowace tasha, ofishinsu yana ciki, suna da damar shiga ko'ina ba tare da neman izini ba. Tun 2000 take auna abin da aka gano da launuka huɗu, kore, fari, rawaya da ja, tana kuma ƙirga abubuwa kamar yawan mutuwar riyakta ba shiri. Idan ƙirgen ya haye wani mizani, sai a ƙara yawan dubawa.

A hawa na uku akwai duniya. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai hedikwata a Biyana, tana fitar da ƙa'idoji tana kuma aika tawagar ƙwararru idan ƙasa ta gayyace ta. Ba ta da ikon rufe tashar kowa. Tana da ma'aunin haɗari mai matakai daga 1 zuwa 7: Chernobyl ta 1986 da Fukushima ta 2011 suna mataki na 7, Three Mile Island na 5, ramin Davis-Besse na 3. Kamfanonin su ma sun kafa ƙungiyarsu, WANO, a 1989 don musayar rahotannin matsaloli. Yarjejeniyar Tsaron Nukiliya ta 1994, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta raba hukumar sa ido da duk wata hukuma mai tallata nukiliya.

Wannan rabuwa ba ado ba ce. Kafin a gano ramin Davis-Besse, hukumar NRC ta so a tsayar da tashar don dubawa kafin ƙarshen 2001, kamfanin ya nemi jinkiri, aka ɗaga masa zuwa 16 ga Fabrairu, 2002. Babban mai binciken hukumar ya ce daga baya an bai wa asarar kamfanin nauyi fiye da kima wajen yanke wannan shawara. A Japan kuma, hukumar sa ido tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya ne har zuwa haɗarin Fukushima. Kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya bayyana haɗarin a 2012 da cewa sakacin mutane ne, kuma masu sa ido sun koma bin ra'ayin waɗanda suke dubawa. A shekarar aka rushe hukumar aka kafa sabuwa mai cin gashin kanta.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon bayan nukiliya suna cewa yawan rahoton matsala alamar lafiyar tsari ce, tashar da ba ta taɓa kai rahoton komai ba ita ce abin tsoro. Suna nuni da cewa fiye da riyaktoci 400 ke aiki a ƙasashe kusan 30, suna ba da kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar duniya, kuma idan aka auna da yawan wutar da aka samar, mutanen da kwal ya kashe ta hanyar hayaƙi da haɗarin haƙa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Suna kafa hujja da Faransa: da aka gano tsagewa a bututun tsaro na tashar Civaux a ƙarshen 2021, an tsayar da riyaktoci da yawa don dubawa, wutar nukiliyar ƙasar ta faɗi a 2022 zuwa mafi ƙaranci cikin shekara 30, aka sayo wuta daga maƙwabta, amma ba a bar tsagewar ta kai ga haɗari ba.

Masu adawa suna cewa a Davis-Besse sa'a ce ta yi aiki, tunda babu wanda ya je neman ramin, an ci karo da shi ne ana wani gyara. Suna ƙara da cewa ana tsawaita ran tashoshin da aka zana don shekara 40 zuwa 60, kamar yadda aka yi wa riyakta ta farko ta Koeberg a 2024, alhali akwai sassan da ba sa sauyuwa, kamar tukunyar riyakta kanta. Game da Najeriya, suna nuna matatun man fetur da aka sha kashe wa kuɗin gyara, da na'urorin gashin ciwon daji a asibitocin koyarwa da kan daɗe a lalace.

Akwai ra'ayi na uku da ya fi kusa da abin da tarihin ya nuna. Amurka, Japan da Koriya ta Kudu ba su rasa injiniyoyi ko kuɗi ba, amma duk sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wato inda aka saba da matsala, ko aka ɓoye ta, ko mai sa ido ya sassauta. Don haka tambayar ba ta tsaya ga wace ƙasa ce ba. Ta shafi irin ikon da aka ba hukuma da irin kariyar da aka ba ma'aikacin da ya faɗi gaskiya.

Abin da wannan ke nufi ga Najeriya

Abu na farko babban layin wuta ne. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada riyakta ɗaya ta wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin da take ciki. Layin Najeriya yakan isar da megawat 4,000 zuwa 5,000, riyakta irin ta El Dabaa kuwa tana ba da 1,200. Idan ta mutu ba shiri tana iya jan layin duka ya faɗi. Idan kuma layin ne ya faɗi, kamar yadda ya yi sau da dama a 2024, tashar za ta koma kan janaretocin dizal don sanyaya kanta, kuma kowace faɗuwa jarrabawa ce ga na'urorin da ya kamata a ce ba safai ake kiransu ba.

Na biyu matsin lambar siyasa ne. A ƙasar da tasha ɗaya za ta riƙe kaso mai yawa na wutar jama'a, sufeton da ya ce a kashe ta na wata uku zai fuskanci fushin gwamnati, da na masana'antu, da na talakawa. Dole doka ta kare shi tun kafin ranar ta zo. NNRA a halin yanzu tana ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur, kuma kamfanonin mai na cikin manyan masu amfani da kayan radiyeshin da take dubawa. Ya dace a duba yadda za a ƙarfafa 'yancinta na kuɗi da na yanke hukunci.

Na uku dogaro da mai sayarwa ne. Idan kamfanin waje ne ya zana, ya gina, ya kawo kayan gyara, hukumar gida tana buƙatar masanan walda, da na tsatsa, da na awon ƙarfe, waɗanda za su iya karanta rahotonsa su ce ba su yarda ba. Horar da irin waɗannan mutane yana cin shekaru masu yawa, kuma cibiyoyin Ibadan da Zariya su ne wuraren da za a fara.

Kammalawa

Tun ran gini tun ran zane. Duk wanda ke son ya auna shirin nukiliyar Najeriya, ko yana goyon baya ko yana adawa, yana da tambayoyi biyar da zai riƙa yi wa wakilansa a majalisa. Wa ke da ikon rufe tasha, kuma wa ke iya tsige shi? Daga ina albashin sufetoci zai fito? Za a wallafa rahoton kowace matsala ga jama'a, har da harsunan gida? Wace kariya ma'aikaci ke da ita idan ya tona ɓoyayyen lahani? Kuma sau nawa matsala ɗaya za ta maimaitu kafin doka ta tilasta a tsaya a nemo tushenta? Idan aka samu amsoshin waɗannan a rubuce cikin doka kafin a aza tubalin farko, muhawarar za ta tsaya kan hujja. Idan ba a same su ba, jama'a suna da haƙƙin cewa a dakata har sai an kawo su.